Sifili a Gaban Sunan Selikem

Juma'a, 9 ga Mayu, biyar na yamma

Kwalekwalen Efo Gameli bai dawo ba. Jiya da hantsi suka fita, su tara, ya kamata a ce tun asubahin yau sun sauke kifi. Matata Mawusi ce ta zo da labarin daga kasuwa. Ta ce mata sun cika bakin teku da kwanoninsu, kowa ta yi jugum.

Tana kwance kayan miya ta ce, "Wai har da ɗan makarantarku a ciki. Selikem, ɗan Daavi Yawa mai bandar kifi. Ba ajinka yake ba?"

Na ce ajina yake.

"To me ya kai shi teku ranar Alhamis, ana karatu?"

Na ce ina zan sani.

Shekara ashirin da uku ke nan ina koyar da lissafi a sakandaren garin nan, ban taɓa ɗaga hannu na doki ɗan kowa ba. Kowa ya san haka.

Asabar, 10 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Na je bakin teku, amma ban matsa kusa ba. Na tsaya wajen duwatsun da aka jera don tare ruwa. Kwalekwale biyu sun fita nema tun da sassafe. Teku kwance take luf, ko iska babu, shi ya sa tsofaffi ke cewa inji ne ya mutu musu, ruwa ya ja su gabas.

Na hango Daavi Yawa. Ita ba ta zauna a yashi kamar sauran ba, a tsaye take da kwano a ka. Babu komai a kwanon. Da ta juyo sai na sunkuya kamar ina gyara takalmi.

Lahadi, 11 ga Mayu, ɗaya na rana

A coci fasto ya karanta sunaye tara. Nasa ne na bakwai.

Litinin, 12 ga Mayu, huɗu na yamma

'Yan aji uku sun miƙe sun gaishe ni kamar kullum, sai dai muryar ba ta fita ba. Su arba'in da ɗaya ne, yau arba'in. Kujerarsa tana layi na uku, jikin tagar da ke kallon teku. Na sa a rufe tagar, na ce ƙarar ruwa tana hana ni jin amsa. Babu wanda ya ba da amsa ma. Na yi minti arba'in ina magana da allo.

Da aka fita hutun tara Madam Akpene, shugabar makaranta, ta aika a kira ni. Na tarar da rajistar ajina a buɗe a kan teburinta.

"Malam Agbeko, zauna. Yaron nan ya shigo makaranta ranar Alhamis?"

"Ya shigo, Madam."

"Ƙarfe nawa ya fita?"

"Wajen takwas da rabi."

"Da takardar izini?"

Na dubi rajistar. Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce na san dokar da aka aiko bara, cewa babu malamin da zai kori yaro ya fita ƙofa a lokacin karatu. Ta ce ofishin ilimi sun bugo sau biyu. Ta ce wata goma sha huɗu ya rage mata ta aje aiki, kuma ba ta so ta ƙare a gaban kwamiti.

"Su waɗancan mutanen takarda suka sani," in ji ta. "Abin da ke cikin rajista shi ne ya faru. Ni ban ce ka yi komai ba. Bari in leƙa masu gyaran famfo."

Ta fita ta ja ƙofa. Ta bar biro a kan littafin.

In yaro ya zo ana sa masa 'yar sanda, in bai zo ba sifili. Sandar ƙarama ce. Sifili ya fi ta faɗi.

Talata, 13 ga Mayu, shida na safe

Ban taɓa shi ba. Ko rigarsa ban taɓa ba.

Talata, uku da rabi na yamma

Esinam ce shugabar aji, ita ke ɗauko rajista daga ofis kowace safiya. Yau ta ajiye min a buɗe. Da ma a rufe take ajiyewa. Ta tsaya ta dubi shafin, ta dube ni, ta koma wurinta. Yarinya ce mai ƙoƙari, so take ta zama nas. Ban ga laifin da ta yi ba balle in yi mata magana.

Masu nema sun dawo. Sun kai har gaban Lome, babu komai.

Alhamis, 15 ga Mayu, biyar na yamma

Mako guda.

Na shiga aji na tarar an yi rubutu a allo da manyan baƙaƙe. Layi ɗaya ne. Babu suna, babu zagi, maganar da na faɗa ce kawai yadda take, ko harafi ba su canza ba. Na ɗauki tsumma na goge. Ban tambayi wanda ya rubuta ba, su ma ba su ɗago kai ba. Allon ya jiƙe da raɓar teku, sai alli ya kama, inuwar rubutun tana nan a ƙarƙashin lissafina har aka tashi.

Saura mako shida jarrabawar fita. Ba mu gama rabin abin da ya kamata ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, bakwai na yamma

Mawusi ta yi tuwon akple da miyar kuɓewa da ƙananan kifi. Na ture kifin gefe.

"Yau kuma me kifin ya yi maka?"

"Ƙarni."

"Ɗan masunci ne ke cewa ƙarni? Allah ya ji ƙan baba, da yana nan da ya ji."

Gaskiyarta. A kan taru na girma. Ina tuna yadda nake dirzar hannu da lemun tsami da toka kafin in tafi makaranta, har fata ta tsage, don kada a toshe hanci in na wuce. Ranar da na samu aikin malanta na yi rantsuwa ba zan sake jan igiya ba. Ban sake ba.

Shi Selikem bai damu da ya dirje ba. Daga jan taru yake wucewa aji, da ɓawon kifi a gwiwar hannu, ya kifa kai a tebur. Sau uku a makonsa na ƙarshe. Kuma duk ajin babu mai kansa. Ka tashe shi daga barci ya dubi allo ya gaya maka inda ka yi kuskure, yara su kwashe da dariya.

Ranar ma ya yi daidai. Alamar ragi ce na manta a layi na biyu.

Lahadi, 18 ga Mayu, tara na safe

Na ce wa Mawusi kaina ke ciwo, ta tafi coci ita kaɗai.

Litinin, 19 ga Mayu, biyu na rana

An gan su! Masuntan Kwatano ne suka tsinci kwalekwalen, suka jawo shi gaɓa. Wanda ya bugo wayar bai iya harshenmu sosai ba, abin da aka fahimta kawai shi ne akwai masu rai. Nawa ne, ba a sani ba.

Labarin ya shigo makaranta ana tsakiyar darasi. Yara suka watse waje suna ihu, wasu na kuka, Esinam ta durƙusa a yashi. Madam ba ta hana su ba. Aka yi ta buga ƙararrawar coci.

Ni ma na yi murna. Na yi. Na zauna a aji ni kaɗai ina cewa Ubangiji ka sa yana ciki. Amma bari in rubuta tunda babu mai karantawa: a tsakiyar addu'ar wani tunani ya shigo, cewa in yana ciki zai dawo da bakinsa. Tunanin bai daɗe ba. Amma ya shigo, kuma nawa ne.

Litinin, shida na yamma

Huɗu. Efo Gameli da mutum uku.

Laraba, 21 ga Mayu, huɗu na yamma

An yi wa Selikem shiru na minti ɗaya a filin taro. Madam ta yi jawabi, ta ce ɗalibi ne mai hazaƙa, kuma wannan darasi ne ga masu fashin makaranta su bi kwalekwale. Da ta faɗi haka sai 'yan aji uku suka fara buga ƙafa a ƙasa, a hankali, gaba ɗaya. Babu wanda ya buɗe baki. Ta tsaya, suka tsaya. Ta ci gaba, suka ci gaba. Sai ta naɗe takardar ta ce kowa ya wuce aji.

A ɗakin malamai an daina hira in na shiga. Ko kuma ni ne nake ganin haka.

Ban taɓa shi ba.

Asabar, 24 ga Mayu, sha biyu na rana

Jiya aka kawo su a mota. Na yi niyyar kada in bi ta bakin teku, amma hanyar kemis ta nan take. Efo Gameli na zaune a rumfar masu ɗinkin taru. Tare muka yi firamare da shi, shi ya tsaya a aji huɗu. Kawun Selikem ne, wan mahaifiyarsa. Da ƙyar na gane shi. Leɓɓansa sun tsattsage, fatar goshinsa tana saluɓewa.

"Malam. Zo mana."

Na je na yi masa sannu. Ya nuna min kututture na zauna. Sauran suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce da inji bai ba su wahala da safen ba, da tun asuba sun tafi, da yaron bai same su ba. Suna cikin gyara sai ga shi da kayan makaranta, littattafansa a leda.

"Na ce kai, me kake yi a nan? Koma. Uwarka ta ce ranar karatu ko igiya kada in bar ka ka taɓa bayan bakwai. Ya ce, Kawu, an ce nan ne wurina. Yana faɗa yana dariya, amma idonsa ja. Na ce to hau, gobe ka huce. Ni na ce ya hau, Agbeko. Ni."

Ya ce injin ya mutu da la'asar. Ruwan sha ya fara ƙarewa rana ta uku. Yaron ne ya riƙa auna musu da murfin jarka, kowa murfi biyu, shi ya ƙirga kwanaki.

Sai na ji bakina yana cewa, "Ya faɗi wanda ya ce masa haka?"

Gameli ya daɗe yana kallona.

"Abin da ka zauna ka tambaya ke nan?"

Na kasa ɗaga kai.

"Bai faɗi sunan kowa ba. Rana ta shida ce ya cika. Yadda ta kasance kuma kada ka tambaye ni, ko uwarsa ban gaya wa ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba. Tashi ka je ka sayi maganinka."

Lahadi, 25 ga Mayu, biyar na yamma

Murfi biyu.

Litinin, 26 ga Mayu, uku na yamma

Gobe mutanen ofishin ilimi za su zo. Madam ta kira Esinam ofis, sun fi rabin awa. Yarinyar ta fito tana share fuska da gefen riga. Na ji daga bakin akawu cewa Madam ta tuna mata takardar shaidar hali, wadda makarantar nas ba ta karɓar kowa sai da ita, kuma hannun wa ke sa mata.

Na buɗe tagar yau. Zafi ya yi yawa.

Talata, 27 ga Mayu, shida na yamma

Su biyu ne, dattijo mai furfura da wata mata da ke rubutu. An kawo musu lemo da biskit. Madam ta yi bayani tsaf: yaron da ma ya saba fashi, ranar bai zo ba, ga rajista. Dattijon ya duba, ya sa yatsa a kan sifilin, ya ɗan karkata littafin wajen haske. Ya tambaye ni ko rubutuna ne, na ce nawa ne.

Sai ya ce a kira shugabar aji.

Esinam ta shigo ta tsaya hannu a baya.

"'Yata, kada ki ji tsoro. Ranar Alhamis, takwas ga wata, kin ga Selikem a aji?"

Ta dubi Madam. Ta dube ni. Ta buɗe baki, na ga leɓenta ya shirya cewa a'a. Shekararta goma sha bakwai. Da kunnenta ta ji komai, tana layin gaba, kuma za ta ɗauki wannan a'a ɗin ta tafi da ita har asibitin da za ta yi aiki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a sallami yarinyar. Ya zo."

Madam ta ce, "Malam Agbeko!"

Na ce ya zo bakwai da rabi, na sa masa sanda da hannuna, ranar Litinin na mai da ita sifili da hannuna. Na ce ya yi barci, na tashe shi, ya gyara min lissafi a gaban yara, aka yi dariya. Dattijon ya ce sai me ya faru. Matar ta ɗaga biro tana jira.

Na ce na ce wa yaron, "Kwashe ƙarninka ka koma teku, can ne wurinku kai da ubanka. Kada in sake ganin ka a ajina."

Haka na ce. Ubansa teku ce ta ci shi, yaron yana da shekara tara. Na sani lokacin da nake faɗa.

Esinam ta fashe da kuka, aka fita da ita. Dattijon ya tambaye ni ko wani ne ya sa ni canza rajistar. Na ce biro a hannuna yake. Ya dubi Madam, ya rufe littafin, ya sa a jakarsa.

Laraba, 28 ga Mayu, goma na safe

An dakatar da ni har kwamiti ya zauna a birnin Ho. Kada in shiga harabar makaranta. Madam ma an ba ta takardar tuhuma. Mun haɗu a ƙofa, ta wuce kamar bango ta gani.

Na gaya wa Mawusi tun jiya. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye muciya ta zauna a kan turmi.

"Kwana goma sha tara kana cin tuwona da wannan a cikinka. Ni kuma ina zuwa wurin matar nan kullum ina riƙe mata hannu, ina cewa ko me ya kai shi oho."

Yau da safe ta ajiye min koko a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Alhamis, 29 ga Mayu, biyar na yamma

Na je.

Tana bayan gida wajen murhun banda, tana juya kifi. Dole ta yi, akwai ƙanne uku. Hayaƙi ya cika wurin. Na gaishe ta, ta amsa ba ta juyo ba. Na tsaya na faɗi komai tun daga farko, da maganar, da rajistar. Ta ci gaba da juya kifinta har na gama.

"Malam, yara arba'in ne a ajin nan. Uwayensu a nan suke sayen kifi. Tun ranar Juma'ar farko na sani."

"Ba ki ce komai ba, Daavi."

"Me zan ce? Ina jira ne in ga ko ƙafarka za ta kawo ka. Ta ɗauki mako uku."

Na ce ta yafe min. Ta ce wannan ba yau ba, kuma ba ta san ranar ba, kada in riƙa zuwa ina tambaya. Ta ce kullum yaron in ya dawo sai ya ce Malam Agbeko ya ce kaza, Malam Agbeko ya nuna musu kaza, har ƙannensa suna tsokanarsa da sunana. Ta faɗa ne kamar mai faɗin farashin gishiri.

Na juya zan tafi ta ce, "Tsaya. Za mu yi masa jana'iza Asabar ta sama, ko da babu gawa. Mai buga takardar sanarwa ya ce sai da hoto. Wayarsa ta tafi da shi. Wanda nake da shi, tun yana goye aka ɗauka. An ce kun ɗauke su hoto na jarrabawa."

Na ce an ɗauka.

"Shi nake so."

Juma'a, 30 ga Mayu, ɗaya na rana

Na tsaya a wajen ƙofar makaranta kamar mai tallan gyaɗa, har maigadi ya ji tausayina ya kira min akawu. Ya ce fayil ɗin 'yan jarrabawa a kulle yake, mabuɗi na wurin Madam. Na ce ya gaya mata ko don wa. Na jira awa biyu a rana. Ina jin muryar sabon malamin daga ajina, yana sauri da yawa, ba za su gane ba.

Akawun ya dawo da ambulan. Ya ce ita da kanta ta ciro.

Juma'a, shida na yamma

Daavi Yawa ta goge hannu a zani sau biyu kafin ta karɓa. Ɗan ƙaramin hoto ne, bai kai tafin hannu ba. Farar riga, wuyan ya ɗan karkace. Ya danne leɓe, kumatunsa sun cika.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Dariya yake son yi."

Na ce e. Ranar ni ne na tsaya a bayan mai hoto ina ce musu hoton jarrabawa ne, kada wanda ya yi dariya.

Ta sa shi a ambulan, ta cusa a ƙirjinta. Ta ce in zo jana'izar, amma in tsaya a baya, kuma in an ce malamansa su fito su yi magana, kada in fito.

Asabar, 7 ga Yuni, bakwai na safe

Mawusi ta goge min baƙar riga ta rataye a ƙofa. Ta ce in jira ta, tare za mu tafi.